Mai furfura a aji ɗaya

Makonni uku da suka wuce ɗaurin aure ya kai ni Ƙaraye. An shafa fatiha, jama'a sun fara watsewa, sai na ji an dafa kafaɗata an kira ni da wani suna da rabona da jin sa tun muna makarantar kwana. Sai da na dubi mutumin sau biyu kafin na shaida shi. Abokin karatuna ne, wanda na sani da farar shadda da biro biyu a aljihun gaba, ma'aikacin sashen kuɗi a wata ma'aikata cikin birnin Kano. Rana ta dafa shi, tafin hannun da ya miƙo mini kuwa ya yi kanta. Na ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau. Makaranta na koma, yanzu na fita daga aji ɗaya."

Ashe ajiye aiki ya yi a ƙarshen 2023, yana da shekara 46 a duniya, 21 a bakin aiki, ya dawo gida ya kama noman rani a gefen ruwan Challawa. Bana raninsa na uku ke nan. Ban koma Kano a ranar ba, domin na ga akwai abin da ya kamata in ji, kuma shi ne nake son mu tattauna a wannan mako, tun da na san a cikin masu karanta wannan shafi akwai da dama da suke kwana suna tashi da irin wannan shawara a zuciya.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne ga duk mai cin albashi. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka shelanta janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. An saki darajar naira a watan Yuni na wannan shekara ta 2023, kayan masarufi suka bi sahu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai zama doka ba sai a Yulin 2024, Jihar Kano ta sanya nata a 71,000, amma kafin ƙarin ya iso aljihu kasuwa ta riga ta cinye shi. Ya ce da ni ya zauna ya yi lissafi, shi da lissafi ne sana'arsa, ya ga kuɗin mota zuwa ofis da hayar gida sun kwashe fiye da rabin abin da yake karɓa, ga shekara 14 a gabansa kafin ritaya, ga kuma tsofaffin abokan aikinsa da yake gani suna zarya a kan garatuti. A ƙa'idar aikin gwamnati mutum yana sauka ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki. Ya tambayi kansa: in na jira sai na kai sittin, da wane ƙarfin zan riƙe fartanya?

Tambaya ce mai kyau, kuma ban ga laifinsa da ya yi ta ba. Mutanen Ƙaraye ma sun fi kowa sanin cewa kujera ba ta da tabbas. A 2019 aka ɗaga masarautarsu zuwa daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, bayan wata biyu aka maido ta a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. In har sa hannu guda na iya yin haka da gadon sarauta, ina ga teburin akawu?

Sai dai abin da ya same shi a raninsa na farko shi ne zancen. Ya zo da kuɗi, domin ya sayar da mota da wani fili da yake da shi a bayan gari. Ya karɓi hayar gona mai faɗi, ya sayi injin ban-ruwa sabo da tiyo, ya sayi taki, kamfa da yuriya, tun kafin a yi dashe. Ya ɗauki 'yan ƙwadago, ya naɗa ɗan ƙanensa ya kula da su, shi kuwa yana zuwa da hantsi da hula da takalmi sau-ciki, ya zagaya, ya ba da umarni, ya koma gida. Tumatir ya zuba a gonar baki ɗaya, saboda ya ji an ce a nan kuɗi yake. Ya yi reno lokacin da kowa ya yi, ya yi dashe lokacin da kowa ya yi, saboda haka tumatirinsa ya nuna a makon da na kowa ya nuna. Duk wanda ya taɓa leƙa Kwanar Gafan ko 'Yan Kaba a tsakiyar kakar tumatir ya san abin da ke biyo baya: kwanduna jere har inda ido ya tsaya, dillali na taya kaya yana kallon wani wuri, manomi kuwa ba shi da bakin musu, domin abin da ke cikin kwandonsa ba ya jiran gobe. Akwai ranar da kuɗin kwando da na ɗiba da na mota suka fi abin da aka ba shi. Da zafi ya shigo, farashi ya fara ɗagawa, sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa sauran gonar. Ita ce wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna ta'adi a 2016, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa. Shi a jarida ya karanta wancan labari, bai taɓa juya bayan ganye ya ga yadda take soma cinsa ba.

Maƙwabcinsa a fadamar wani dattijo ne da gonarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na tasa ba. Fangali kaɗan na tumatir da ya dasa da wuri, wasu na albasa wadda in kasuwa ta ƙi sai ya adana ta, gefe guda attaruhu, can kuma masara da zai sayar ɗanya ga masu gashi. Tun farkon rani dattijon ya leƙo ya ce masa, "Yallaɓai, wannan yuriyar ta yi yawa, ganye za ka tara ba 'ya'ya ba. Kuma ruwan nan da yaranka ke saki da tsakar rana, fetur kawai kake ƙonawa." Abokina ya ce ya amsa da "To, Baba, na gode," irin amsar da ake ba masinja in ya kawo shawara a kan kasafin kuɗi. A zuciyarsa yana cewa, ni da digiri, me wannan zai koya mini?

A ganina nan ne gaɓar da yawancin masu sauya sana'a a tsakiyar rayuwa suke karyewa, kuma ba a rashin jari ba ne kamar yadda aka fi faɗa. Mutum ya shekara ashirin ana miƙe masa in ya shigo, ana kai masa fayil da hannu biyu, ana ce masa yallaɓai. Ya saba shi ne mai sani a ɗakin. Ranar da ya tsallaka wata sana'a, duk wannan ya zauna a bakin ƙofa, ya zama ɗan koyo kamar yaron da aka kai wa maƙeri yana shekara goma. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa babu sana'ar Bahaushe da ake shiga ba ta hannun maigida ba. Ɗan koli yana bin ubangidansa kasuwa-kasuwa shekaru kafin a yaye shi a ba shi jari. Mai son su yana bin masunta, ya san Sarkin Ruwa, ya koyi inda kifi ke kwana kafin ya sayi taru. Mahauci, majemi, magini, duk haka. Ilimin boko ne ya sa muka ɗauka takardar shaida ɗaya ta isa ta buɗe kowace ƙofa, kuma noma musamman muna yi masa kallon abin da kowa ya iya, wai don an haife mu a ƙauye mun taɓa bin iyaye gona da hutun makaranta. Noman damina na gero da dawa da muka sani muna yara daban yake da noman rani na kasuwa, inda kowane awa na ban-ruwa kuɗi ne, kuma mako biyu na jinkirin dashe na iya raba riba da asara.

Kuɗin makaranta dai sai an biya shi. Ko dai mutum ya biya da ƙanƙan da kai a gaban wanda ya riga shi, ko ya biya da jarinsa. Abokina ya biya da mota da fili.

Abin da ya burge ni shi ne bai tattara ya koma birni neman a mayar da shi aiki ba. Da damina ta wuce ya sayi goro ya tafi gidan dattijon nan da yamma, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Baba, bara ka yi mini magana ban ji ba. Bana na zo ka ɗauke ni yaronka." Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, Malam, sharaɗi ɗaya ne. In na ce asuba, asuba nake nufi." Ya mayar da kashi uku cikin huɗu na gonar haya, ya riƙe abin da idonsa zai iya zagayewa. Ya koyi murza ƙasa a hannu ya san ko tana son ruwa, ya koyi kwance kafireton inji ya wanke da kansa, ya koyi cewa ruwan madatsa yana ja da baya in rani ya yi nisa, don haka wanda bai yi lissafin tsawon tiyo da ƙarin fetur na watan Maris ba zai tsaya yana kallon shukarsa tana bushewa ruwa na hango shi. A rani na biyu bai yi arziki ba, amma ya mayar da abin da ya zuba, ya ci, ya biya kuɗin makarantar yara.

Akwai kuma wani abu da ban zata ba. Shekarunsa 21 na ofis ba su tafi a banza ba. Shi kaɗai ne a wannan gefen fadamar yake rubuta komai: litar fetur nawa, buhu nawa, ɗan ƙwadago nawa, kwando nawa, a nawa aka sayar. Da ya buɗe wa dattijon littafin a ƙarshen kaka, sai ga shi albasar da ake rainawa ta fi tumatir riba in an cire kuɗin ɗiba da na mota. Dattijon ya daɗe yana jin haka a jikinsa, amma bai taɓa ganin sa a rubuce ba. Yanzu manoman wurin sun haɗa ƙungiya suna sayen taki a dunƙule, shi ne magatakarda, shi ke rubuta takarda in za a nemi malamin gona, shi ke karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi kafin a zuba. Wanda zai sauya sana'a ya kamata ya tsaya ya duba wace tsohuwar ƙwarewa ce za ta bi shi, domin ita ce kaɗai abin da ya fi 'yan asalin sana'ar da shi. Malamin makaranta ya iya bayani, ma'aikaciyar jinya ta san tsafta da awo, direba ya san hanya da kasuwanni. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina kafin ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma duk wanda ya san rubutunsa ya san bai bar malanta a Katsina ba, da ita ya tafi. Haka Malam Aminu Kano da ya ajiye koyarwa a Maru a 1950 ya shiga siyasa: dandalin taro ya mayar aji.

Masu ba da misali da Obasanjo, wai ya sauka daga mulki a 1979 ya tafi Ota ya zama manomi, su yi mana adalci. Wanda ya fito daga fadar gwamnati da wanda ya fito daga mataki na tara ba asara ɗaya suke iya ɗauka ba.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. A Ƙarayen nan, a Kusalla, sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano yake. Rukuni bayan rukuni ake kawo matasa daga kowace kusurwa ta Najeriya, su yi mako uku, a cikin abin da ake koya musu har da sana'o'in hannu, don an san takardar digiri ba ta ba da aiki. Wannan daidai ne. Amma wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu ba a ɗaukar sa hidimar ƙasa, shirin N-Power da aka soma a 2016 na 'yan 18 zuwa 35 ne, kuma kusan duk tallar aiki ko tallafin sana'a da za ka gani da iyakar shekaru take zuwa. Mai shekara 45, wanda ke ɗauke da mata da 'ya'ya da iyaye tsofaffi da ƙanne, ba shi da sansani. Abin da aka tanadar masa shi ne taron bita na kwana biyu in ya rage wata shida ya yi ritaya, a kawo wani ya yi masa lacca a kan kiwon kaji, a raba jaka da biro. Alhali muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, muna da KNARDA da malaman gonarta, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ba ta da nisa da ƙasar Rogo. Me zai hana a tsara kwas na ƙarshen mako, rani guda cur, ga ma'aikatan da suka shekara goma sha biyar a aiki, rabinsa a aji rabinsa a gonar wani manomi da aka yarda da shi, a kuma biya manomin ladan koyarwa? Madatsar Challawa tun farkon shekarun 1990 take tare ruwa a ƙasar Ƙaraye, ruwanta na gangarawa ya shayar da birnin Kano da kwarin Haɗeja. Ba zai zama almubazzaranci ba in an mai da gefenta makaranta.

Kafin a kai ga haka, akwai ƙofar da doka ta riga ta bari a buɗe, da yawa ba su lura da ita ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, amma ya keɓe noma. Ma'ana, babu abin da ya tilasta wa abokina ajiye aiki kafin ya gwada. Da ya ɗauki fangali ashirin ya yi rani biyu yana zuwa Asabar da Lahadi da lokacin hutunsa na shekara, da ya yi kurakuransa albashi na rufa masa asiri. Shi da kansa ya faɗi haka. Ya kuma ce wanda ke ƙarƙashin tsarin fansho na tarayya ya karanta dokar 2014 da kyau kafin ya miƙa takarda, domin in bai kai shekara 50 ba, abin da zai iya taɓawa a asusunsa kashi 25 ne cikin 100, shi ma sai ya yi wata huɗu ba aiki. Na san wani zai ce ai wannan ƙofar ita ce ta sa ofisoshin ƙananan hukumomi suke zama kufai da damina. Gaskiya ne, kuma ba ita nake nufi ba. Wanda ya karɓi albashin Litinin ya kwana a gona ya ci haƙƙin jama'a, ko da buhu ɗari ya noma.

Ba zan ɓoye ba, akwai wani gefen da ke damuna. Duk lokacin da ƙwararren malamin lissafi mai shekara ashirin a aji ya ajiye alli ya koma sayar da taki, shi ya tsira, amma aji guda ya yi maraici. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Ba zan ce wa irin wannan malami ya zauna ya ci yunwa don kishin ƙasa ba, wanda bai taya shi cefane ba ba shi da wannan bakin. Amma masu riƙe da akalar gwamnati su san cewa ba duk mai barin aiki ne yake bin wani buri ba, wasu gudu suke yi. Kuma inda suke gudu ɗin ma ba aljanna ba ce. Bayan da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin masara da shinkafa ya faɗi a 2025 alhali taki na ƙara tsada, manoma da yawa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni ba su mayar da kuɗinsu ba. Mai noman rake a Rogo kuwa kusan shekara yake jira kafin ya ga kuɗin karansa ko na mazarƙwailarsa. Wanda ya saba da ƙarar waya duk ƙarshen wata, sai ya koya wa kansa da gidansa wani irin lissafi daban.

Gidan nan kuwa shi ne abin da mu maza muka fi mantawa. Na tambayi abokina yadda uwargidansa ta ɗauki al'amarin. Ya sunkuyar da kai ya ce sai da ya miƙa takardar ajiye aiki ya gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi masa: "Malam, kuɗin makarantar yara a Satumba ake biya, tumatir kuma sai Fabrairu. Tsakanin nan me za mu ci?" Shi da ya shekara 21 yana tsara kasafin ma'aikata bai yi wannan lissafi ba. Ita ce ta sayar da awakinta biyu a shekarar farko, ita ce ta jure maganar dangi masu cewa ai korar sa aka yi yake ɓoyewa, ita ce ta bar gidan famfo da lantarki ta dawo inda ta baro tun tana amarya. Yanzu, in ji shi, ba ya karɓar hayar ko fangali ɗaya sai sun zauna da ita da littafin. Ita ma ta soma shanya tumatirin da kasuwa ta ƙi, tana tara kauɗa a buhu har zuwa damina lokacin da ɗanye ke wuya.

Washegari da sassafe na bi shi fadamar. Sanyin ruwa na busowa, masunta na dawowa da kwalekwale, injuna sun fara tashi nan da can. Muna isa muka tarar dattijon ya riga mu, yana tsugune a bakin fangalin albasa. Bai ɗago ba ya ce, "Malam, ka makara. Baƙo ka yi?" Abokina ya ce, "Eh, Baba, ɗan jarida ne, abokin karatuna." Dattijon ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya ce, "Sannu da zuwa, yallaɓai. Ka matsa gefe kaɗan, kana kan tiyo." Na matsa. Abokina ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauki galan ɗin fetur, ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta lita huɗu, sa'an nan ya sunkuya ya ja igiyar inji.